Ranar da Na Taimaki Malam Jatau

Tun da na dawo daga Ingila ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. A ofis tambaya, a bakin masallaci tambaya, ranar Asabar kuma in na tafi gonata ta Paikon Kore duba tafkunan tarwaɗa, sai na tarar Alhaji Sabo da Injiniya Bala sun riga ni zama a gindin mangwaro. Alhaji Sabo, mai shagon yadi a kasuwar Wuse, shi ya fi kowa naci. Wai ya ji an ce Turawa na kama kifi su auna shi su mayar ruwa, yana so na tabbatar masa don ya samu abin dariya na sati guda. Na ce masa haka ne. Ya yi dariyarsa har da riƙe ciki, ni ban taya shi ba, daga nan suka gane akwai abin da ban faɗa ba. To ga shi na rubuta. Kowa ya karanta ya ƙyale ni, don ba labarin da nake jin daɗin maimaitawa ba ne.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan masunta ne. A bakin kogin Kwara aka haife ni, ƙasar Yawuri, kuma na iya tuƙa kwalekwale kafin na iya rubuta sunana. Boko ya kai ni makarantar koyon kiwon kifi, can na haɗu da wani Bature da muke kira Malam Jatau. Ya fi shekara ashirin a Arewa, Hausarsa kuwa ta fi ta rabin mutanen Abuja tsabta. Shi ne ya taka har gidanmu lokacin da mahaifina ya ce karatun ya isa haka, na dawo ruwa. Ya zauna a tabarma tun hantsi har la'asar, ya ci tuwo da hannu, bai tashi ba sai da tsoho ya ce ya amince. Kujerar da nake kai yau a sashen kifi na ma'aikatarmu, daga zaman tabarmar nan ta fito. Bayan ya koma ƙasarsu wasiƙa ba ta yanke tsakaninmu ba, ko da sau ɗaya ne a shekara.

Kun dai san yadda abubuwa suke tun da farar hula suka zauna daram, kuɗin mai kuma ya ƙaru. Gini ko'ina, kowa da waya a aljihu, kowane ofis na tura mutanensa kwas waje, da abin koyo ko babu. Da sunana ya fito a wani kwas na sati biyu a Landan, sai na rubuta wa Malam. Amsar da ta zo, da farko na ɗauka wani ne ya rubuta masa. Rubutun nan da na sani a allo, miƙaƙƙe tsaf, ya koma duk karkarwa. Ya ce na zo masa a kwana ukun ƙarshe, akwai gasar fatsa ranar Lahadi a tafkin garinsu, yana so na gani. Ya kuma ce don Allah na taho masa da kuka da daddawa da bandar kifi, shekaru ke nan yana mafarkinsu.

Na aika gida, Yaya Mamman ya yi bandar giwan ruwa da hannunsa, aka naɗe a takardar siminti aka kawo mini. Ranar tafiya direban ofishinmu, wani mutumin Kwali, tun kafin mu hau titin filin jirgi ya fara sauke gilashi.

"Oga, wannan jakar yana wari fa," in ji shi.

Na ce ya kula da hanyarsa, ba a tambaye shi ba.

Ashe gaskiya ya faɗa mini. A filin jirgin Landan ba mutum ne ya fara tare ni ba, kare ne. Ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Wata ma'aikaciya ta ja ni gefe, ta sa safar hannu, ta shiga fito da kayana ɗaya-ɗaya a gaban jama'a. Kukar ce ta fi tayar mata da hankali, koren gari a leda, ba suna ba lamba. Na yi mata bayanin itacen kuka da ganyensa da yadda ake kaɗa miya, har na laƙata na sa a baki don ta ga ba abin maye ba ne. Daddawa kuwa, tana kwance ƙullin ta ja da baya, ta mayar mini ba tambaya. Bandar ce ta ce ba za ta shiga ƙasarsu ba. Na roƙe ta, na ce tsaraba ce ta tsohon malamina, na ce to ta riƙe rabi ta bar mini rabi. Ta ce ta ji, amma doka ce, ta jefa ta cikin wani kwando. Raina ya ɓaci ƙwarai. A gida ko ba komai za a tsaya a yi magana, ko a kira wani babba. Matar nan ba ta ɗaga murya ba, ba ta ci mutuncina ba, kuma ba ta motsa daga maganarta ba ko kaɗan.

Kwas ɗin ba zan ɓata muku lokaci da shi ba, abin da muka sani ne aka maimaita mana cikin sanyi. Ranar Juma'ar ƙarshe bayan an sauko masallaci na hau jirgin ƙasa zuwa garin Malam, tafiyar awa uku. Na gaida mutumin da ke kujerar kusa da ni, ya dube ni kamar na taka masa ƙafa, ya mayar da kai jaridarsa. Har muka isa ba wanda ya ce uffan a taragon nan. A motar Abaji, kafin ku kai Gwagwalada kun san sunayen 'ya'yan juna.

A tasha 'yar Malam ce ta tare ni. Sunanta na yanka daban, amma a Arewa aka haife ta ranar Laraba, don haka Laraba muke kiranta tun tana yawo ba takalmi a harabar makaranta. Yanzu furfura ta fara fito mata. Hausarta ta gudu, saura sannu da zuwa da ina gajiya, sai muka koma Turanci. Ba ta tada mota ba sai da ta faɗa mini abin da ake ciki.

Hannun Malam ya kama rawa shekara biyu ke nan. Wata huɗu kafin zuwana ya faɗa tafkin yana ƙoƙarin ɗauko kifi, Allah ya sa akwai mutane kusa suka ciro shi. Ƙungiyar masu fatsa ta garin, wadda ya shekara talatin a cikinta, ta zauna a kan maganarsa. Ita ma Laraba ta zauna da shi. Aka yi yarjejeniya cewa gasar ranar Lahadi ce za ta raba gardama. In ya yi awa biyar ɗin nan shi kaɗai, ya kama kifinsa ya fito da shi ba hannun kowa, ƙungiya za ta bar masa gurbinsa, ita kuma ta bar shi a gidansa na bakin tafki. In ya kasa, ta riga ta samo masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da ita, cikin birni, inda ba ruwa sai na famfo.

Jin gidan tsofaffi sai jinina ya hau. Na ce mata mu a wurinmu wanda ya kai ubansa irin wannan wuri ba ya sake ɗaga kai cikin mutane. Ba ta yi fushi ba. Ta tambaye ni mutum nawa ne a gidanmu lokacin da mahaifina ya tsufa. Na fara lissafa 'ya'ya da matan 'ya'ya da jikoki, na bari a hanya. Ta ce ita kaɗai ce, tana aiki, kuma ita aka kira a waya ranar da aka ciro shi yana karkarwa, leɓensa ya yi baƙi.

Masaukin da ta kama mini gidan wata tsohuwa ne mai hayar ɗaki biyu a sama. Mace mai kirki, sai dai ba buta a gidan, ba ma abin da ya yi kama da ita. Na ga wani ɗan bokiti mai dogon baki a taga na ɗauka, washegari na tarar da ita tana zagaye tana neman abin ban ruwan furanninta. Da na yi mata bayani sai ta ce na riƙe kawai, za ta sayi wani. Alƙibla ma sai da muka fito waje tare, ta nuna mini inda rana ke fitowa a ranakun da ta ga damar fitowa. Karin kumallo na roƙe ta ƙwai da burodi da shayi, kada kuma ta soya ƙwan a kaskon da take soya nasu naman. Ta ware mini kasko, har da ɗaura masa jan zare a mariƙi.

Gidan Malam tafiyar minti goma ce daga nan. Na same shi tsaye a ƙofa da sanda yana jira. Ya ranƙwafa, ya rame, amma idon nan da ke gano wanda bai yi aikin gida ba yana nan yadda na san shi. Na durƙusa zan gaishe shi.

"Habibu ɗan masu ruwa, tashi," in ji shi. "Wannan tumbin na Abuja ne ko na kifi?"

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Na ba shi labarin banda, ya girgiza kai ya ce mutanensu ba su san daɗi ba. Ya tambaye ni Yaya Mamman, ya tambaye ni 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Waɗanda suka rasu, ya ce Allah ya jiƙansu, yadda muke faɗa.

Da safiyar Asabar ya ja ni zuwa tafkin. Daga ƙofar bayan gidansa ake gangarawa. Ruwa ne kwance, ba ya gudu, bai kai rabin tafkin Jabi na Abuja ba, an kewaye shi da ƙananan dandamali na katako, kowanne da lamba. Ya ce ko da gasa ko babu, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, ƙarfe bakwai yana nan. Tun da matarsa ta rasu, nan ne wurin hirarsa. Ya nuna mini inda ya faɗa, ba tare da na tambaya ba. Sannan ya ce shi bai ga laifin Laraba ba, amma ranar da aka raba shi da ruwan nan, a fara ƙirga masa kwana.

Da rana ni na shiga kicin, na tuƙa mana tuwo da garin alkama, na kaɗa miyar kuka. Na buɗe firji neman man shanu sai na yi arba da kwano cike da tsutsa, farare da jajaye, suna motsi kusa da madara. Na yi salati na rufe. Wai abincin kifi ne, sanyi ke hana su zama ƙuda. Malam ya ci tuwon da hannu, miya na zuba masa a riga saboda rawar hannun, ni kuma na kau da kai. Da na miƙa hannu zan gyara masa kwano ya ce na bari.

Bayan mun ci ya yi mini bayanin gasar. Kifin da ake nema sunansa kaf. Kamar karfasa yake in ta samu wuri ta ƙoshi, ɓawo manya-manya, baki ba haƙori, ga ƙarfin tsiya. Ba sa cinsa, na teku suke ci, soyayye da dankali. Na tafki an zuba su ne don fatsa kawai, wasu an kama su sau da yawa har an san su da tabonsu. Kowane mai fatsa da feginsa, wato dandamalin da zai zauna, ƙuri'a ke ba shi. Usur ke buɗe gasa, usur ke rufe ta. Wanda kifinsa ya fi nauyi a sikeli shi ya ci. Babbar dokar kuwa, tsakanin usur da usur ba wanda zai taɓa maka sanda ko zare ko homa. Baƙo na iya zama a bayanka ya yi kallo, iyakarsa ke nan.

"Gobe hannunka a aljihu," in ji shi. "Ko ka ga na faɗi, in ba cikin ruwa na faɗa ba, ka bar ni na tashi da kaina."

Na ce in sha Allahu. Ya ce ya zauna da mu shekara ashirin, ya san in sha Allahunmu kala-kala ne, shi alkawari yake so. Na yi masa alkawari.

Lahadi ta waye da yayyafi da wani sanyi mai shiga ƙashi. Mutum kusan talatin suka taru, yawancinsu dattawa, kowa da amalanke shaƙe da kaya. Alƙalin gasa, wani gajeren mutum mai gilashi da allo a hannu, ya zagaya da jaka kowa ya sa hannu ya ciro lamba. Fegin Malam ya faɗo a wani lungu mai dogayen ciyayi, can ƙarshen tafkin. Na nemi na tura masa amalanke, alƙali ya ce wannan ba laifi tunda ba a busa usur ba, Malam ya ce a'a. Ya tura abinsa, ya tsaya hutawa sau biyu a hanya. Laraba ta tsaya wajen motoci, don ya hana ta matsowa.

Ana busa usur sai wurin ya yi tsit. Mutum talatin a bakin ruwa ɗaya, ba mai ce wa wani ci kanka. Kowa na harba tsutsa da masara cikin ruwa da danƙo irin na harbin tsuntsu, sannan ya zuba wa wani ɗan tsinke mai jan kai ido, wanda ke yawo bisa ruwa a jikin zare. In tsinken ya nutse, kifi ya ɗauka.

Ni wannan shirun ya fi ba ni mamaki a kan mayar da kifi ruwa. A wurinmu su ba aikin mutum ɗaya ba ne. In giwan ruwa ya shiga wa mutum, ihu ɗaya yake yi, duk wanda ke kusa ya saki nasa ya faɗa ruwa. Kifi na mai shi ne, wanda ya taimaka a yanka masa rabonsa. Wanda kuwa ya tsaya kallo, sunansa ya ɓaci har kan 'ya'yansa. Mahaifina bai taɓa dukana ba sai sau ɗaya, ina ɗan shekara goma sha biyu, ranar da na zauna a kwalekwale ina kallon wani maƙwabcinmu yana kokawa da komar kifinsa shi kaɗai. Da filafili ya dake ni, a gaban mutane, kuma ba wanda ya ce ya bari.

A awa ukun farko Malam ya kama ƙanana huɗu, irin waɗanda ba sa buƙatar ƙarfi. Sa tsutsa a ƙugiya kaɗai yakan ɗauke shi minti biyar. Ina zaune a bayansa kan wata 'yar kujera ina kallon yatsunsa suna kuskure ƙugiyar, hannuwana cikin aljihun kwat na dunƙule su har farce ya shiga nama. Da azahar ta yi na je bayan wata bishiya na shimfiɗa kwat ɗin na yi salla, na roƙi Allah ya ba tsohon nan ƙarfi na yini ɗaya.

Saura kamar awa ɗaya a tashi wani babban kifi ya ɗauka. Sanda ta lanƙwasa, zare ya kama kuka. A nan na ga malamina ya dawo. Ya gyara zama, ya sakar wa kifin ya yi gudunsa, ya juyo shi daga ciyayi sannu a hankali, in ya ja ya saki, in ya tsaya ya naɗe. Rawar hannun dama har ta lafa. Sun fi minti ashirin suna wannan. Mutumin fegin kusa da mu, wani ƙato da aka ce tsohon direban babbar mota ne, ya ajiye sandarsa yana kallo. Daga ƙarshe kifin ya gaji, ya taso ya kwanta gefe guda a gaban dandamalin, bakinsa na buɗewa yana rufewa. Tun da nake ban ga irinsa a ruwan kwance ba.

Saura a sa masa homa, wato ragar nan mai dogon mariƙi da ake ɗauko kifi da ita. Sanda na hannun dama, homa na hagu, hagun kuwa ita ta fi rawa. Ya zura sau ɗaya ya kuskure. A na biyu bakin homar ya daki kifin ya zabura, sai da ya sake jawo shi. A na uku ya sauko daga kujera, ya sa gwiwa ɗaya a katakon da yayyafi ya jiƙa, ya miƙa jiki bisa ruwa. Gwiwar ta ɗan zame.

Wallahi ban yi shawara ba. Ban tuna alkawari ba, ban tuna Laraba ba, ban tuna gidan tsofaffi ba. Na dai ga kaina a kan katakon, hannu ɗaya a kafaɗarsa, ɗaya a mariƙin homa, na cusa ta ƙarƙashin kifin na ɗago. Motsi ɗaya ne, yadda aka koya mini. Kifin na cikin raga a kan dandamali kafin hankalina ya dawo jikina.

Ƙaton nan ya juya mana baya, ya shiga bincike a akwatinsa kamar ya ɓatar da wani abu. Alƙali na can ɗaya gefen tafkin. Na sunkuya kusa da kunnen Malam na ce da Hausa, "Malam, ba wanda ya gani."

Ina jin kunyar wannan maganar fiye da abin da hannuna ya yi.

Bai dube ni ba. Ya cire ƙugiyar da kansa, ta ɗauke shi lokaci mai tsawo. Bai sa kifin a ragar ajiya inda ƙananan suke ba. Ya mayar da homar ruwa ya karkata ta, kifin ya ɗan tsaya, sannan ya kaɗa jela ya nutse. Sai ya ɗaga hannu ya kira alƙali.

Alƙalin mutumin kirki ne. Ya saurara, ya goge gilashinsa, ya ce kifin ba zai hau sikeli ba, shi ke nan. Baƙo ne ya yi, ba a sa shi ba, ƙungiya ba za ta riƙe Malam da wannan ba. Ni kuwa na hau faɗa. Na ce laifina ne, a kore ni daga bakin tafkin, a sake masa gasar wani sati, wace irin doka ce za ta hukunta mutum a kan abin da wani ya yi. Muryata ta tashi har masu fatsa suka fara juyowa. Malam ya ce na zauna, ina korar wa mutane kifi. Ya koma kujerarsa, ya sa tsutsa, ya jefa. Ba abin da ya sake ɗauka har aka busa usur.

Aka bi fegi-fegi da sikeli, a auna na kowa a juye a ruwa. Ƙananan nan huɗu suka sa Malam kusa da na ƙarshe. Wanda ya ci aka tafa masa, aka miƙa masa wani ɗan kofi, aka watse shan shayi. Ƙaton direban ya zo wucewa ya dafa kafaɗar Malam.

Laraba ce ta taho da sauri ta kama hannuwana biyu, idonta ya yi ja. Ta ce ta ga komai daga can, ta ga gwiwar ta zame, ba don ni ba da yau ma daga ruwa za a ciro shi. Ta yi ta godiya. Ban taɓa jin godiya mai ɗaci irin wannan ba. Na ce mata kaɗan gwiwar ta zame, ya riga ya tsaya, da zai iya. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na buɗe baki, na kasa cewa na tabbata.

A mota Malam ya yi mata magana da Turanci, muryarsa a kwance. Ya ce sun yi da ita ba hannun kowa, kuma hannu ya shiga, don haka gobe ta kira mutanen gidan nan. Na sa baki na ce ai alƙali ya ce ba komai, a jira wata gasar mana. Laraba ta ce wannan ce ta ƙarshe a bana, sai bayan hunturu, kuma ba za ta iya barinsa hunturu guda shi kaɗai a kan wataƙila ba. Malam ya ce gaskiyarta. In aka fara sake magana yau, kowane wata za a sake, shi kuma ba ya son ya zama tsohon da ake lallaɓawa.

Litinin da safe ya ce sai ya raka ni tasha. Laraba ta tsaya a mota, mu biyu muka zauna a benci muna jiran jirgi. Na sauko na durƙusa a gabansa, mutane na kallo, ban damu ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce na tashi, ba abin yafewa. Ya san mahaifina, ya san inda hannun nan ya fito, shi ya kamata ya ajiye ni wajen motoci tare da Laraba, don haka in akwai laifi nasa ne. Ya ce a ƙasarmu ya koyi cewa ba a kallon mutum yana wahala, kuma bai taɓa ganin abin da ya fi wannan kyau ba. Na ɗauka ya gama. Sai ya dubi hannunsa na hagu a kan gwiwa, yana rawarsa.

"Ba kifin ba ne, Habibu," ya ce. "Ba ma gidan ba ne. Kamu ɗaya ya rage tsakanin homar da shi. So nake na sani ko zan iya."

Jirgi ya iso, na shiga. Ta taga na ga ya dafa sanda ya miƙe da kansa, a hankali, ba wanda ya taɓa shi.

Bayan wata biyu Laraba ta rubuto. Malam ya koma gidan tsofaffin, ɗakin na hawa na biyu, ana kula da shi sosai, ya raba kayan fatsarsa ga 'yan ƙungiya. Yana gaishe ni.

Na juya abin nan a raina ya fi a ƙirga. Wani lokaci na ga gwiwar ta tsaya ya ɗago kifinsa, wani lokaci na gan shi cikin ruwa. Ban sani ba. Shi ma bai sani ba, kuma ni na hana shi sani.